Shayin Ranar Arfa

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Sherifa Abdulai daga wani asibiti a Bronx, aka ce wani dattijo ya rasu, likita kuma ba ta yarda da mutuwar ba.

A takardun ofis ba Sufeto ake rubuta mata ba, amma daga Fordham Road har Mount Hope babu mai jin Hausa da yake kiranta da wani suna. A Nima aka haife ta, cikin Accra, tana yarinya aka kawo ta New York. Shi ya sa duk ƙarar da aka ji Hausa a cikinta, teburinta ake turo wa.

Tun daga bakin lif ta jiyo hayaniya. Wani ƙaton mutum mai shadda ruwan ƙasa ya shaƙe wuyan rigar wani siriri, ya manna shi da bango. Wata matashiya tana tsaye a tsakaninsu, hijabinta ya jiƙe da hawaye.

"Kai ka kashe shi," in ji ƙaton. "Tun ran da ka shigo gidanmu na san ba alheri ka kawo muna ba."

"Yaya Habibou, don Allah ka sake shi. Gawar Baba na ciki."

Sherifa ta ɗaga katinta. "Sake shi, ko in sa maka ankwa a gaban ƙanwarka."

Ya sake shi, yana huci. Siririn bai ko gyara rigarsa ba. Idanunsa sun kumbura kamar wanda ya manta da barci.

Nan ta san su. Mamacin shi ne Alhaji Issoufou, ɗan Damagaram, mai shagon atamfa da turare a Fordham Road. Ƙaton ɗansa ne, Habibou, direban tasi. Matashiyar 'yarsa ce, Firdaoussi. Siririn kuma mijinta ne, Abdul-Hanan, ɗan Zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu.

Likitar ta ja Sherifa gefe.

"Guba ce ta kashe masa ƙoda," in ji ta. "Maganin ƙanƙara, irin wanda ake zuba wa lagireton mota. Zaƙi gare shi, a cikin shayi mai suga mutum ba zai ji ba. Jiya Lahadi sakamakon ya fito, lokacin ya riga ya wuce."

"Da an sani da wuri fa?"

"Da an gaya mana ranar Juma'a da suka kawo shi, akwai allurar da take tare gubar. Na tara su ukun nan na tambaye su. Surukin ya ce ruwan shan da ke motarsu ya ɗan yi launin hoda, ya nuna mini hoton jarkar maganin ƙanƙarar da ya yi amfani da shi. Wannan irin ba ya kisa. Sai muka juya muna neman wani abu daban."

Sherifa ta waiwaya ta dubi Abdul-Hanan. Ranta ya ɓaci. Dattijo ya kwana uku yana mutuwa a hankali, alhali maganinsa yana cikin kabad a bene ɗaya da shi.

"Ba za a ba da gawa yau ba," ta gaya musu. "Sai an gama bincike."

"Musulmi ne fa," in ji Habibou. "Za ku ajiye muna uba cikin firij kamar kaza? Bon, to. Na gane. Ke ma 'yar Gana ce, ɗan'uwanki za ki rufa wa asiri. To ki sani, wanga mutum ba shi taɓa makarar ubana. In ya zo jana'iza sai an yi gawa biyu."

"Ka gama?" in ji Sherifa. "Abdul-Hanan, biyo ni."

A ɗakin tambayoyi na caji ofis ta ajiye masa ruwa a kofi. Ya kalli ruwan, bai taɓa ba.

"Wace mota ce wannan?"

"RV ce, Madam. Tafi-da-gidanka. Akwai gado, da kicin, da banɗaki a ciki. Tsohuwa ce." Ya sunkuyar da kai. "Firdaoussi ta taɓa ce mini tun da ta bar Damagaram ba ta ƙara kwana inda za ta ga taurari ba. Shi ne na saya."

"Surukinka ya ji daɗi?"

"Baba? Kejin kaji yake kiranta. Ya ce ɗan Gana ya rasa abin yi, ya sa wa ɗaki taya."

"Ka ji haushi."

"Na ji. Amma bana shi da kansa ya ce a kejin kajin za mu je gona a Pennsylvania mu yi layya. Ban yi barci ba don murna, wallahi."

Ya ba ta labarin tafiyar. Ranar Alhamis suka tashi, ranar Arfa, su huɗu. Kowa yana azumi ban da Alhaji, saboda maganin hawan jini da yake sha da rana. Da suka isa gonar Alhaji ya kunna gas, ya ɗora butarsa, ya yi ta shayi tun azahar har la'asar, na fari, na biyu, na uku, ya sake sabon zubi. Da magariba sauran suka buɗe baki da ruwan roba da dabino. Kafin isha Alhaji ya fara tangaɗi, harshensa ya karye kamar mashayi, mutumin da bai taɓa sanin warin giya ba. Suka ɗauka gajiya ce. Da asuba ya fara amai, suka bar ragon a ɗaure suka juyo.

"Gaya mini yadda kake kula da ruwan motar," in ji Sherifa. "Kada ka tsallake komai."

"Duk tafiyar da muka dawo ina zubar da ruwan tanki, ba na bari ya kwana ya yi wari. Filta kuma ina cire shi, don in ya zauna a jiƙe ƙwayoyin cuta yake tarawa. In sanyi ya zo sai in tura maganin ƙanƙara cikin bututai don kada su fashe. Ruwan hoda ne, na bututun ruwan sha aka yi shi, ba ya cutarwa."

"Hitar ruwan zafi fa?"

"Ita ba na sa mata magani kuraa, ko ɗigo. Tankinta daban ne. Ina rufe bawul ɗinta, wato famfon da ke shigar mata da ruwa, in kwance matoshin ƙasa, ruwan ya tsiyaye, ta kwana a bushe har bazara. Kafin Sallah na wanke bututai da bilic, na ɗauraye har ruwa ya fito fari tas, na sa sabon filta a famfon sanyi. Daga ƙarshe na buɗe bawul ɗin hita."

"Bayan ka buɗe, ka gwada famfon zafi?"

Ya tsura wa kofin ruwan ido.

"Da kai nake."

"A'a. Na san babu komai a ciki. Ni na zubar da hannuna. Na ce kowa ya sha a famfon sanyi. Baba ba shi da haƙuri, na zafi ya tara don buta ta yi saurin tafasa. Ya leƙo ta taga ya ce, 'Kai ɗan Gana, ruwanka ya yi ja-ja.' Ina riƙe da ƙahon rago. Na ce, 'Saura ne Baba, ba ya komai.' Ni na faɗa masa haka. Da bakina."

Ya kifa kai a tebur. Sherifa ba ta tausaya masa ba tukuna. Ta ga masu kisa da yawa da suka iya kuka.

"Wa ke da makullin motar?"

"Ni kaɗai. Na biyun yana cikin durowa a gida."

"Matoshin hitar, in ka cire, ina kake ajiye shi?"

"Cikin durowar cokula, don kada in..." Ya ɗago a hankali. "Madam, bana da na je ban same shi a durowa ba. Yana ɗaure a jikin hita. Na ɗauka ni na mayar na manta."

"Kai mai mantuwa ne?"

"A kan motar nan? A'a."

Da ta fito, ogan sashensu yana jiranta a bakin ƙofa. Ya ce magana ta ƙare: motarsa ce, ruwansa ne, shi ya ce a sha, shi kuma ya nuna wa likita hoton da ya ɓatar da ita. A rubuta tuhuma. Sherifa ta roƙi zuwa gobe da rana. Ya ba ta, yana girgiza kai.

Filin da ake ajiye motar yana bayan wasu garejoji, an kewaye shi da waya. Mai gadin wani dattijo ne ɗan Kano, Malam Jibrin, yana zaune a kan kujerar roba, fuska a murtuke. Kusa da ƙafarsa akwai kwanon madara, babu mai sha.

"Sannu Baba. Wa ya zo wurin motar nan tun da aka dawo da ita ranar Juma'a?"

"Babu kowa, ranki ya daɗe."

"Da sanyi fa?"

"Wa zai zo nan da sanyi? Ko ɓarawo hutu yake ɗauka."

Ta zagaya motar. Fara ce mai zanen shuɗi, an goge ta tana ƙyalli, a jikin ƙofa an manna ƙananan taurari na roba. A gefe ɗaya, ƙarƙashin wata 'yar ƙofar ƙarfe, kwalta ta yi tabo mai faɗi, ruwan hoda, ya bushe ya yi danƙo. Ta sa safar hannu ta buɗe ƙofar. Hitar ce. An kwance matoshin, an zubar da duk abin da ke ciki.

A ciki komai yana wurinsa. Filta sabo ne fil. Butar Alhaji tana kan murhu, da ƙananan kofunansa a jere, ganyen shayi ya bushe a gindinsu. Ta sa aka kwashe su cikin leda. Da ta ɗaga katifa sai ga safar ulu guda ɗaya mai kauri, da hular sanyi, a motar da aka ce ba a shige ta ba tun kafin dusar ƙanƙara.

Ta fito ta tsaya a kan Malam Jibrin.

"Ina kyanwar?"

Ya ɗago da sauri. "Wa ya ce miki kyanwa gare ni?"

"Kwanon."

"Gimbiya. Shekara shida muna tare. Ranar Asabar da yamma na same ta a bayan taya tana shure-shure. Wani mara tsoron Allah ne ya sa mata guba."

"Ga gubar can," in ji Sherifa, ta nuna tabon. "Ita ta lasa. Ita ce kuma ta kashe Alhaji Issoufou yau da asuba. Yanzu sake gaya mini babu wanda ya zo."

Dattijon ya miƙe tsaye, ya dubi tabon, ya dube ta.

"Allah ya isa," ya faɗa a hankali. "Ranar Asabar da safe ya zo. Ya ce carbi ya zo ɗauka. Ina jin ƙarar ruwa, na ɗauka alwala yake yi."

"Wa?"

"Wanda ya kwana a ciki da sanyi. Tun daga Janairu har wajen ƙarshen Fabrairu. Doka ta hana, in mai filin ya ji aikina ya tafi, shi ya sa na yi shiru. Ban tambayi sunansa ba. Kullum fuska a naɗe, da dare yake shigowa. Amma da makulli yake zuwa. Matar mai motar ce ta fara kawo shi."

Sherifa ta tsaya tana lissafi. Likita ba ta san guba ba ce sai Lahadi. Wanda ya zubar da hitar ya sani tun Asabar. Ta kira asibiti daga cikin motarta. Nas ɗin da ke kula da ɗakin ta ce surukin bai taɓa fita ba tun Juma'a. Shi yake juya dattijon, shi yake goge masa jiki, a kan kujera yake sallah.

Gidan Alhaji yana hawa na huɗu a Mount Hope. Takalman mata sun cika baranda har bakin matakala. A falo ana ta salati, a kicin ana dafa shinkafar sadaka. Da Sherifa ta shiga, maganganu suka ɗauke. Wata tsohuwa ta ce, ba a ɓoye ba, "Ga 'yar'uwar mai kisan."

Ta sami Firdaoussi a ɗakin mahaifinta, tana rungume da rawaninsa. Ta rufe ƙofa.

"Allah ya jiƙan Baba."

"Amin. Yaya maigidana? Ya ci abinci?"

"Gobe za a tuhume shi da kisa. Makulli na biyu, wa kika ba?"

"Ban ba kowa ba."

"Firdaoussi, dube ni."

"Wallahi yana cikin durowa, Anti. Ki je ki gani."

"Na san yana ciki yanzu. Da sanyi nake tambaya." Sherifa ta ciro ledar da safar take ciki ta ajiye a kan gado. "Mai gadi ya gan ki. Ko dai ki gaya mini, ko in koma in tambayi mijinki wane namiji ne matarsa ta ajiye a kan gadon da ya saya mata don ta ga taurari."

Firdaoussi ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi. "Kada ki ƙara. Ban taɓa kallon wani namiji ba bayan shi."

"To wane ne?"

Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Yaya Habibou ne. Sun yi faɗa da matarsa Habsatou, ta fitar mishi da kaya, ta canza makulli. Kin san ƙasar nan, in ya matsa 'yan sanda za ta kira. Ya ce in Baba ya ji, in mutanen masallaci suka ji mace ta kore shi daga gida, gara ya mutu. A cikin tasi yake kwana, ana zuba ƙanƙara. Ya rantsar da ni da Alƙur'ani kada in gaya wa kowa, musamman maigidana. Da suka shirya ya maido makullin, ya ce ya gyara komai yadda ya tarar."

"Kina tsaye ya shaƙe mijinki a asibiti."

"Ban san da alaƙa ba. Kwana kawai ya yi a ciki. Mi kwana ya haɗa da guba?" Ta dubi Sherifa, sai fuskarta ta canza. "Anti, mi ya yi?"

Sherifa ta ɗauki ledar safar ta fita.

Washegari da safe ta sami Habibou a ƙofar masallacin unguwa, inda maza suke zaman makoki. Tasinsa tana fake a bakin titi. Ta zo da 'yan sanda biyu masu kaki, da takardar izinin bincike, ta kuma sa aka kawo Abdul-Hanan a bayan mota. Firdaoussi ta sauko daga bene da kanta, ba wanda ya kira ta.

"Kin kawo muna shi har nan?" in ji Habibou, yana miƙewa. Maza suka miƙe tare da shi.

"Buɗe mini bonet."

"Mi ya haɗa motata da wanga zance?"

"Buɗe."

Ya buɗe. A gefen injin akwai farar robar ruwan lagireto, abin da ke ciki ruwan hoda ne. Ta sa ya buɗe but. Bayan tayar safaya akwai jarka, saura kaɗan a gindinta. Sherifa ta ɗauko ta ta ajiye a kan but ɗin, ta ɗauko wadda aka samo a gidan Abdul-Hanan ta ajiye kusa da ita. Launinsu ɗaya, ko uwar da ta haife su ba za ta raba ba.

"Duk direban tasi yana da wannan," in ji Habibou. "Ki buɗe but ɗin kowa a nan."

"Gaskiya ne. Amma ba kowa ne ya kwana a motar surukinsa da sanyi ba."

Ya juya ya harari ƙanwarsa. "Kin ci amana."

"Da ni kake magana," in ji Sherifa. "Ranar Asabar da safe ina kake?"

"Aiki."

"Ubanka yana kan na'ura kana aiki? Mai gadi ya gan ka. Ka ce carbi ka je ɗauka. Carbin Alhaji yana hannunsa a asibiti, nas ta cire shi bayan ya cika. Me ka je zubarwa?"

"Ban zubar da komi ba."

"Likita ba ta san guba ba ce sai Lahadi. Kai ka sani tun Asabar. Tun Juma'a ma. Kana tsaye lokacin da wannan bawan Allah ya nuna hoton jarkarsa, likita ta ce irin wannan ba ya kisa, na lagireto ne mai kisa. A nan ka gane iri biyu ne. Ko ba haka ba?"

Liman ya matso ya dafa kafaɗar Habibou.

"Habibou, gawar mahaifinka tana jira. Faɗi gaskiya."

Ƙaton mutumin ya jingina da motarsa.

"Sanyi ne, Malam," ya ce. "Ruwan alwala kamar wuƙa. Na ga matoshi cikin durowa, na ɗaura, na buɗe bawul, na zuba ruwa, na kunna hita. Da zan tahi na ji tsoron kada bututu shi fashe a gane ni. Na taɓa ganin mijin Firdaoussi yana zuba wani abu ruwan hoda. Na ce ai wanga ne muke sa ma tasi kullum. Na kawo jarka huɗu daga gareji, na tura ko'ina, har cikin hita, don in kyautata. Na rufe bawul yadda na gani. Wallahi gyara na yi nufi."

"Na yarda," in ji Sherifa. "Wannan kuskure ne. Ba shi ya kawo ni ba. Ranar Juma'a likita ta tambaye ka. Allurar tana nan. Kalma ɗaya za ka faɗa."

"Da na faɗa sai a ce mi ya kai ka cikin motar. Sai zancen Habsatou shi fito. Gaban Baba, gaban kowa." Ya share fuska da hannun riga. "Na ce Baba mai ƙarfi ne, zai tashi. Na ce in na zubar da ruwan shi ke nan. Da ya rasu kuma... na ga ai an riga an ga mai laifi."

"Don kada a ce mace ta kore ka," in ji Sherifa. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Ka auna kunyarka da ran ubanka, kunyar ta fi nauyi. Sannan ka ɗauki wanda ya kwana uku yana goge masa jiki ka miƙa wa kurkuku."

"Baba ya miƙo mini kofin shayi a gona," in ji Habibou, kamar ba da su yake ba. "Ya ce in karya azumin, ai nafila ce, in taya shi sha. Na ce a'a, lada nake nema."

Firdaoussi ta taho a hankali har gabansa. Kowa ya ɗauka marinsa za ta yi. Sai kawai ta ce, "Ka rantsar da ni da Alƙur'ani, Yaya," ta juya masa baya.

Aka sa masa ankwa. Sherifa ta karanta masa haƙƙoƙinsa da Turanci, ta maimaita da Hausa, don kada wani a wurin ya ce bai ji ba. Mazan da suka miƙe tare da shi ɗazu suka ja da baya. Aka sunkuyar da kansa aka sa shi a mota.

Ta buɗe ɗaya motar da kanta. Abdul-Hanan ya fito yana kare ido daga rana. Ya ji komai ta taga.

Firdaoussi ta tsaya nesa da shi kaɗan, makullin yana tafin hannunta, ta kasa ɗaga kai.

"Ka yafe mini. Ko kuma kada ka yafe, na cancanta."

Ya daɗe yana kallon makullin.

"Da kin gaya mini," ya ce, "da na kai masa bargo. Da na nuna masa yadda ake yi. Ba zan gaya wa kowa ba, Firdaoussi. Ni ma na taɓa kwana a tashar jirgin ƙasa a garin nan."

Ta fashe da kuka mai sauti. Bai rarrashe ta ba, bai kuma tafi ba. Ya karɓi makullin ya sa a aljihu, ya tsaya kusa da ita har ta yi shiru.

Da la'asar aka ba da gawa. Sherifa ba ta saba zuwa jana'izar waɗanda ta yi bincike a kansu ba, amma ta ajiye mota a tsallaken titi ta zauna a ciki, har yanzu ranta bai huce ba. Da aka idar da sallah, aka zo ɗaukar makara, gurbin gaba na hannun dama, inda ɗa yake kamawa, ya zauna babu kowa. Mutane suka yi cirko-cirko. Abdul-Hanan yana can sahun baya, kusa da takalma.

Liman ya ɗaga kai ya neme shi da ido.

"Ɗan Gana," ya ce, da sunan da marigayin yake kiransa. "Zo ka ɗauki babanka."